Gano Bakin Zaren Sankara: Abin Da Naɗin Kuromatin Ke Faɗa Wa Likita

Duk lokacin da aka cire wa mutum ƙari a asibiti, tambayar da dangi ke fara yi wa likita ita ce: daji ne ko ba daji ba ne? Tambaya ce da ta dace, sai dai a ilimin likitanci na yau ta zama rabin tambaya. Sankara sunan gida ne da ya tara cututtuka sama da 100, kowace da halinta da irin maganin da take ji. Ƙari biyu kan fito a gaɓa ɗaya, su yi kama a hoto, su yi kama a ƙarƙashin madubin likita, amma ɗaya ya rabu da mai shi bayan tiyata guda, ɗayan ya kai shi kushewa cikin 'yan watanni. Kama da wane, in ji Hausawa, ba ta wane.

Ƙiyasin cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 20 ne suka kamu da cutar a faɗin duniya a wannan shekara, miliyan 9.7 kuma suka rasu. A Najeriya kaɗai an ƙiyasta sabbin masu cutar kusan 128,000, waɗanda suka rasu kuma kusan 80,000. In ana zancen rage wannan adadi, hankalinmu ya fi karkata ga na'urorin gashi da tsadar magani. Ba a cika tunawa da ɗakin da ake raɗa wa ciwon suna ba, alhali duk abin da zai biyo baya a kan wannan suna yake tsayawa. A wannan mako ina so mu leƙa wani reshe na ilimi da ya sauya yadda ake raɗa sunan cikin shekaru 25 da suka wuce, wato ilimin furotin masu sarrafa kuromatin, mu kuma ga inda abin ya shafe mu.

Zare da mazarinsa

Kusan kowace irin ƙwayar halitta a jikin mutum tana da cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai zaren DNA, wanda ke ɗauke da duk umarnin gina jiki a rubuce da haruffa iri huɗu. Da za a miƙe zaren ƙwaya guda, tsawonsa zai kai kimanin mita 2, alhali faɗin cibiyar da ke riƙe da shi bai wuce kashi 1 cikin 100 na milimita ba. Duk wadda ta taɓa kaɗi ta san zare mai tsawo ba ya zama lafiya sai an naɗe shi a mazari, in ba haka ba ya cukurkuɗe. A cikin cibiya, wasu furotin da ake kira histon ne ke tsayawa a matsayin mazarin. Guda takwas suke haɗuwa su yi dunƙule, zaren ya zagaye dunƙulen kusan sau biyu, tsawon haruffa 147, sannan ya wuce zuwa na gaba. Ƙwaya ɗaya na da irin wannan dunƙule kimanin miliyan 30. Haɗin zaren da dunƙulen da ya naɗu a kansu shi ake kira kuromatin.

Sunan ya samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin launi. Wani masani Bajamushe, Walther Flemming, shi ya raɗa shi wajen shekarar 1880, saboda ya lura cewa abin da ke cikin cibiya ya fi komai shan rini. Albrecht Kossel ya gano histon a 1884, Roger Kornberg ya bayyana tsarin dunƙulen a 1974, a 1997 kuma Karolin Luger da Timothy Richmond suka fitar da cikakkiyar siffarsa a birnin Zurich.

An daɗe ana ɗaukar histon a matsayin marufi kawai. Sai dai akwai wata tambaya da ta hana masana sakat. Ƙwayar hanta da ta ƙwaƙwalwa da ta fata duk zare iri ɗaya suke ɗauke da shi, da ƙwayoyin gado kimanin 20,000 iri ɗaya. To me ya sa hanta ba ta tsiro gashi? Amsar tana cikin naɗin. Inda aka ɗaure zaren tamau, ƙwaya ba ta iya karanta umarnin da ke wurin. Inda aka sassauta, sai ta karanta ta aikata. Kowace irin ƙwaya tana da nata tsarin ɗauri da sassauci, kuma idan ta rabu biyu takan gadar wa 'ya'yanta wannan tsari. Ilimin da ke nazarin wannan gado, wanda ba a cikin haruffan zaren yake ba, shi ake kira efijenetik, kalmar da Conrad Waddington ya ƙirƙira a 1942. Mai karatu na iya ganin misalinsa a tsakar gida: kyanwa mai launi uku, fari da baƙi da ja, kusan kullum mace ce. Dalili shi ne mace tana da kuromosom X guda biyu, kowace ƙwaya ta jikinta kan ɗaure ɗaya ta kulle shi tun tana ciki, wurin da aka kulle mai ɗauke da baƙi ya fito ja, wurin da aka kulle mai ɗauke da ja ya fito baƙi.

Ma'aikatan da ke kula da naɗi

Ɗauri da sassauci ba su faruwa haka kawai. Akwai ɗaruruwan furotin da aikinsu ke nan, kuma ana iya kasa su gida huɗu. Na farko su ne masu sa alama: suna liƙa wani ɗan guntun sinadari, metil ko asetil, a jelar histon ko a kan zaren kansa. Na biyu masu goge alamar. Na uku masu karanta ta, su kira sauran ma'aikata zuwa wurin. Na huɗu kuwa majiya ƙarfi ne da ke ture dunƙulen histon gefe domin a buɗe hanya.

Tun a 1964 Vincent Allfrey ya yi hasashen cewa waɗannan alamomi na da hannu wajen buɗe umarni da rufe shi, amma sai a 1996 aka kama ma'aikatan da hannu dumu-dumu: David Allis da abokan aikinsa suka gano mai liƙa asetil, Stuart Schreiber da nasa suka gano mai goge shi. Asetil yakan sassauta riƙon da histon ya yi wa zare. Metil kuwa ma'anarsa ta danganta da wurin da aka sa shi. Idan aka jera metil uku a kan tubali na 27 na histon H3, ma'anar ita ce a kulle wannan wuri. Gungun furotin da ke sa wannan alama ana kiransa PRC2, jagoransa kuma EZH2. Abokin hamayyarsa shi ne gungun SWI/SNF, wanda aka fara gano shi a shekarun 1980 a jikin yis ɗin da ke kumbura burodi. Wancan na kullewa, wannan na buɗewa. Girman jariri daga ƙwaya guda zuwa cikakken mutum ya dogara ne ga daidaiton ƙarfin waɗannan ɓangarori biyu.

Idan ma'aikaci ya gaza

A da, ana bayyana sankara da cewa lalacewar ƙwayoyin gado iri biyu ce: waɗanda ke zama ƙaimi, masu zaburar da ƙwaya ta yi ta rabuwa, da waɗanda ke zama linzami, masu tsayar da ita. Ƙaimi ya maƙale a cikin doki ko linzami ya tsinke, sai gudu ba tsayawa. Wannan bayani har yanzu gaskiya ne, amma bai cika ba. A 1983, Andrew Feinberg da Bert Vogelstein na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka nuna cewa alamomin metil a zaren ƙwayoyin sankara sun ragu idan aka gwada da na lafiyayyar tsoka da ke maƙwabtaka da su. Daga baya aka gano cewa a wasu ƙari linzamin yana nan garau, ko harafi ɗaya bai sauya ba, an dai lafta masa metil ne an kulle shi. Duk da haka masu shakka sun ci gaba da cewa wannan hayaƙi ne kawai, wutar tana wani wuri.

Hujjar da ta kashe bakin gardamar ta fito ne daga Cibiyar Curie ta birnin Paris a 1998. Akwai wata muguwar sankara da ake kira rabdoyid, wadda ke kama ƙoda ko ƙwaƙwalwar yara, galibi 'yan ƙasa da shekara uku. Olivier Delattre da abokan aikinsa suka gano cewa ƙwayoyinta sun rasa wani ɓangare guda na gungun SWI/SNF, mai suna SMARCB1, wanda kuma ake kira INI1. Da aka zo aka karanta zaren waɗannan ƙari daga baya, sai aka tarar kusan babu wani lahani a cikinsa ban da wannan ɗaya. A 2002, Charles Roberts ya kashe wannan ƙwayar gado a jikin ɓeraye, dukkansu suka kamu da sankara, rabinsu cikin makonni 11. Ma'aikaci ɗaya ya bar aiki, abokin hamayyarsa PRC2 ya samu fili ya kulle umarnin da ke sa ƙwaya ta balaga, sai ta tsaya a ƙuruciya tana ta rabuwa.

Da fasahar karanta zare ta yi araha, sai abin ya zama ruwan dare. A 2010 aka gano cewa ARID1A, wani ɓangaren na SWI/SNF, ya lalace a kusan rabin wani nau'i na sankarar ƙwan mace. A 2011 aka sami lahanin PBRM1 a kimanin kashi 40 cikin 100 na sankarar ƙoda mafi yawa a manya. A 2013 Cigall Kadoch da Gerald Crabtree na Jami'ar Stanford suka tattara alƙaluman, suka tarar kimanin kashi 20 cikin 100 na dukkan sankarar ɗan Adam na ɗauke da lahani a wani ɓangare na wannan gungu guda.

Shi kansa mazarin bai tsira ba. A 2012, wasu rukunonin masana biyu, ɗaya a Montreal ta Kanada, ɗaya a asibitin yara na St. Jude a Amurka, suka gano cewa a kusan kashi 80 cikin 100 na wata sankara da ke kama tushen ƙwaƙwalwar yara, tubali na 27 na histon H3 ne ya sauya. Wannan sauyi, da ake rubutawa K27M, yana wurin da PRC2 ke sa alamarsa daidai. Gurɓataccen histon ɗin ɗan kaɗan ne cikin tarin lafiyayyu, amma yakan dabaibaye PRC2, alamar kullewa ta ragu a ko'ina cikin cibiya. Yaran da wannan ciwo ya kama galibinsu ba su kai shekara guda bayan gano shi.

Akwai kuma hanyar da ta biyo ta bayan gida. A 2008 aka gano lahani a IDH1, wani furotin da aikinsa sarrafa abinci ne a cikin ƙwaya, a wasu sankarar ƙwaƙwalwa. Shekara guda bayan haka aka fahimci cewa gurɓataccen furotin ɗin yana ƙera wani sinadari da ke taruwa, kuma bincike ya nuna sinadarin yana shaƙe masu goge metil. Alamomi suka yi ta taruwa ba mai sharewa, ƙwaya ta kasa balaga.

Rini a matsayin shaida

A nan ne wannan ilimi ya sauko daga ɗakin bincike ya shiga asibiti. Likitan binciken tsoka yakan yanka ƙarin da aka kawo masa fale-fale, ya shimfiɗa a gilashi, ya rina, ya duba. Rinin da aka saba da shi siffar ƙwayoyi kawai yake nunawa. Amma akwai wani rini na musamman da ke neman furotin guda tak ya maƙale masa, ya bar launin ƙasa-ƙasa a inda ya same shi. Idan an rina don neman INI1, cibiyoyin lafiyayyun ƙwayoyi, kamar na jijiyoyin jini, za su ɗauki launi, na ƙwayoyin rabdoyid kuwa su zauna fayau. Wannan rashin launi shi ne shaidar.

Amfanin haka a fili yake. Ƙarin ƙoda da ya fi yawa a yara shi ne na Wilms, wanda a ƙasashen da ke da kayan aiki kimanin tara cikin goma na masu shi ke warkewa. Rabdoyid na ƙoda, da aka fara bayyana shi a 1978, an ɗauke shi ne a matsayin wani nau'i na Wilms, alhali ya fi shi muni nesa ba kusa ba, kuma maganinsa daban. A ƙwaƙwalwa ma an daɗe ana rikita shi da wata sankarar mai suna medulobilastoma.

Ga wani misali daga ƙashi. Saurayi ɗan shekara 25 ya zo da kumburi a gwiwa. Yana iya zama ƙarin nan mai manyan ƙwayoyi, wanda sau da yawa kankare shi ake yi a cike gurbin, mutum ya tashi da ƙafarsa. Yana kuma iya zama sankarar ƙashi, wadda ke bukatar magani mai ƙarfi da babbar tiyata, wani lokaci har da yanke ƙafa. A 2013 masana a Ingila suka gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na nau'in farko na ɗauke da wani sauyi a histon H3.3, a tubali na 34. Yanzu akwai rinin da ke kama wannan sauyi, kuma idan aka haɗa sakamakonsa da hoto da siffar ƙwayoyin, yana taimaka wa likita ya raba gardama.

Haka ake amfani da rashin BAP1 wajen bambanta sankarar rufin huhu, wadda ƙurar asbestos ke jawowa, da kumburin da ba na daji ba. A sankarar ƙwaƙwalwa kuwa abin ya kai ga Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake tsarin sunayen kacokan: a jadawalinta na 2016 ta shigar da IDH da K27M cikin sunayen cututtukan, a na 2021 kuma ta yanke cewa ba a kiran ƙari gilayobilastoma sai in IDH ɗinsa bai sauya ba. Ma'ana, asibitin da ba ya iya wannan gwaji ba zai iya ba majinyacinsa cikakken sunan ciwonsa ba.

An ma wuce nan. Tun da kowace ƙwaya tana riƙe da tsarin metil na asalinta, ƙari ma yana ɗauke da tambarin inda ya fito. A 2018 masana a Heidelberg ta Jamus suka koya wa kwamfuta tsarin metil na samfuri kimanin 2,800, suka kasa su gida 91. Da aka gwada tsarin a kan sabbin majinyata sama da 1,000, sai da aka sauya sunan ciwon kimanin kashi 12 cikin 100 daga cikinsu, kuma ƙwararrun likitoci ne suka fara dubawa. A 2023 masana a Utrecht ta ƙasar Holan suka nuna cewa da wata ƙaramar na'urar karanta zare ana iya samun irin wannan amsa cikin minti 90, majinyaci na kan gadon tiyata.

Magani, da iyakarsa

Abin da ya ja hankalin masu haɗa magani shi ne, harafin da ya goge daga zare ba ya dawowa, amma alama ana iya goge ta. Azasitidin, wanda aka fara haɗawa a birnin Prague a 1964, sai a 1980 aka gane cewa yana hana liƙa metil, kuma sai a 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi don wata cutar ɓargo. A 2020 ta amince da tazemetostat, wanda ke taka wa EZH2 birki a wata sankarar tsoka da ta rasa INI1. A 2024 ta amince da borasidenib don sankarar ƙwaƙwalwa mai lahanin IDH, da kuma rebumenib don sankarar jini mai lahanin KMT2A, irin wadda ta fi kama jarirai.

Ya kamata a faɗi gaskiyar iyakar waɗannan magunguna. A gwajin da aka yi wa tazemetostat a kan mutum 62, kashi 15 cikin 100 ne kawai ƙarinsu ya ragu, kuma maganin kansa ya fito ne ɗauke da gargaɗin yiwuwar haddasa wata sankarar ta jini. Borasidenib ya jinkirta ci gaban ciwo daga kimanin wata 11 zuwa kimanin wata 28, wanda nasara ce babba, amma jinkiri ne. Ga kuma tsada wadda ta fi ƙarfin talaka ko a can ƙasashen. Don haka a ganina, ribar da ta fi kusa da hannunmu a wannan ilimi tana wajen gane ciwo. Rinin gilashi guda bai kama ƙafar kuɗin zagaye ɗaya na maganin da aka bayar bisa kuskure ba.

Inda abin ya zo gida

Akwai wata sankarar ƙoda da ba a cika samu ba, wadda aka bayyana a 1995, kusan ba ta kama kowa sai mai ɗauke da gadon sikila, wato mai jinin AS, kuma galibi matasa. Tambarinta shi ne rashin INI1. Magungunan sankarar ƙoda ta yau da kullum ba su cika yi mata aiki ba. Kada mai jinin AS ya tsorata, domin ciwon ƙalilan ne ƙwarai. Amma a ƙasar da kashi 20 zuwa 25 cikin 100 na jama'arta ke ɗauke da wannan gado, ya kamata kowane likita ya tuna da ita idan matashi ya zo da fitsarin jini da ƙari a ƙoda, ya kuma samu inda zai tura a yi rinin.

Ƙwayoyin cutar da ke haddasa sankara a yankinmu su ma da kuromatin suke aiki. Sankarar Burkitt, mai kumbura muƙamuƙin yara a yankunan zazzaɓin cizon sauro, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958, tana tafiya da ƙwayar cutar Epstein-Barr da aka gano a 1964. An nuna a ɗakin gwaji cewa wasu furotin na wannan ƙwayar cuta kan jawo PRC2 ya kulle umarnin da ke sa ƙwaya mai lahani ta kashe kanta, kuma ARID1A da SMARCA4 na cikin waɗanda ake yawan samu a lalace a wannan sankara. Ƙwayar cutar hanta nau'in B kuwa takan shiga cibiya ta naɗe zarenta a histon ɗin mai gida, ta zauna daram, abin da ya sa magunguna ke danne ta amma da wuya su kawar da ita. Idan ta haɗu da gubar da ke fitowa daga gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna, haɗarin sankarar hanta yakan ninka. Ƙwayar HPV mai jawo sankarar bakin mahaifa takan sa a goge alamar kulle daga kan p16, furotin ɗin ya yi ambaliya, kuma rininsa na cikin abin da likitoci ke dogaro da shi a yau. Biyu daga cikin ukun nan suna da rigakafi: na cutar hanta yana cikin alluran jarirai a Najeriya tun 2004, na HPV kuma an fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023.

Abin da ya rage gare mu

Na farko yana hannun jama'a. Akwai maganar da ta yi kaka-gida a bakin mutanenmu, cewa daji ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Saboda wannan magana mutane da dama ke ƙin yarda a ɗebi samfuri. Yaɗuwar ciwo ta hanyar allurar gwaji abu ne mai wuyar faruwa, kuma likita ne ya san ƙarin da ake ɗiba da wanda ake cirewa ɗungurungum. Abin da ya ba maganar ƙarfi shi ne yawancin majinyata ba su zuwa sai ciwo ya ci jiki, idan suka rasu bayan gwaji sai a ɗora wa gwajin laifi. Duk tsokar da aka cire daga jikin mutum, kome ƙanƙantarta, hakkinsa ne a kai ta ɗakin gwaji, ya kuma karɓi sakamako a rubuce. A binne ta ko a zubar ba tare da an duba ba, an binne amsar da za a zo ana nema daga baya.

Na biyu yana hannun asibitoci. Rinin nan ba ya aiki a kan tsokar da ta lalace. Ƙa'idar da ake bi a gwajin sankarar mama ita ce a tsoma samfuri cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 10 cikin sa'a guda da cire shi, ya zauna sa'a 6 zuwa 72. Gwajin da shaidarsa rashin launi ce ya fi kowane bukatar wannan kulawa, domin tsokar da ta ruɓe ma ba ta ɗaukar launi, sai a zaci ciwo ne. Wannan horo ne da kulawa, ba ya bukatar biliyoyi.

Na uku yana hannun gwamnati. Kwalbar rini tana da tsada kuma tana da wa'adi, asibiti ɗaya ba zai ga isassun masu ciwon rabdoyid da zai ƙarar da ita ba. Hikimar ita ce a zaɓi ɗakunan gwaji kaɗan a asibitocin koyarwa, irin na Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, a wadata su da cikakken jerin rini da wuta mai ɗorewa, a kuma tsara yadda samfuri zai taso daga ƙaramin asibiti ya isa can, sakamako ya dawo cikin kwanaki. Cibiyar Bincike da Maganin Sankara ta Ƙasa, wadda dokar 2017 ta kafa, ita ta fi dacewa ta jagoranci wannan. Inshorar lafiya da asusun tallafa wa masu sankara su ma ya kamata su ɗauki kuɗin gwaji da muhimmancin da suke ba kuɗin magani.

Na huɗu namu ne, malaman jami'a da ɗalibanmu. Manyan rumbunan bayanan sankara na duniya galibinsu daga jikin Turawa aka tara su, kwamfuta kuma abin da aka koya mata kaɗai take ganewa. Ƙaramar na'urar nan ta karanta zare an yi aiki da irinta a Gini lokacin annobar Ebola a 2015, masananmu kuma sun nuna a lokacin korona cewa sun iya wannan aiki. Ɗakunan ajiyar asibitocin koyarwarmu cike suke da samfuran tsoka na shekaru da dama. Ɗalibin da ke neman abin da zai yi bincike a kai, ga shi nan a ajiye yana jiransa.

Daga ƙarshe, a yi hattara da 'yan kasuwar da suka fara jin kalmar efijenetik suna liƙa ta a kwalaben ganye da garin ƙarin kuzari, suna cewa suna gyara ƙwayoyin gado. Magungunan da na ambata a sama shekaru aka kwashe ana gwada su, duk da haka ga iyakar abin da suka iya. Wanda ya ce kwalbarsa na warkar da kowane irin daji, a tambaye shi wane iri cikin ɗarin, kuma a wane ɗakin gwaji aka tabbatar. Sanin wurin bugu shi ne ƙira.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.